Shantun Kaka Fanta Zai Tafi Ayalan

"...Lafiya lau, baiwata. Sai yau kika tuna da uwargijiyarki?"

Hansatu ke nan, tana tankaɗe a tsakar gidansu na Fassi. Wadda ta kira baiwa kuwa Ramlatu ce, taubashiyarta 'yar mace, mai aikin jinya a ƙasar Ayalan. Hutunta ya ƙare, kuma ruwa ba ya tsami banza: shantun marigayiya Kaka Fanta take so, wanda ke rataye a ɗakin Hansatu.

"Shantun Kaka?" Hansatu ta dire rariya. "Ki kai shi inda rana ke leƙowa kamar mai jin kunya, sanyi ya tsaga shi?"

"Yaushe rabonki da taɓa shi? Ɓeraye ke biki a ciki."

"Ɓerayen gidan ubana ne! Kayan gida na 'yar namiji ne. Ke da uwarki aure ya yi waje da ita?"

"To saurara, sarkin rowa. Gaba da Ayalan akwai wani tsibirin ƙanƙara, Aisilan. A zamanin da, mayaƙan jirgin ruwa sun kwashi matan Ayalan sun kai su can. Abokiyar aikina 'yar can ce, ta ja ni taron hirarsu. Na Ayalan ya ja goge, na Aisilan ya rera labarin kakanni, suna ta cewa jininsu ɗaya. Ta ce matan nan ko tsinke ba su tafi da shi ba, sai waƙa da tatsuniya a baki."

"Ashe 'ya'yan mace ne, bayi irinki! Shi ya sa aka zaunar da su a kan ƙanƙara."

"Bayin nan su suka adana labaran da duniya ke karantawa. Gona ta namiji ce, waƙa kuwa uwa take bi."

"Madalla! Tunda su da baki kawai suka tafi, ke ma ga ƙofa, tafi da bakinki. Kwaɗayi mabuɗin wahala!"

Nan Ramlatu ta yi laushi, abin da ba a taɓa gani ba.

"Bakin ne babu komai, Hansatu. Da aka zagayo kaina aka ce in yi ta garinmu, na buɗe shi, ko baiti ɗaya bai fito ba. 'Yata Afra'u ma da waƙar maƙwabciyata 'yar Ayalan take barci."

Hansatu ta miƙe zumbur, gari ya watse.

"Jinin Kaka Fanta ake lallashi da waƙar aro? Muna raye? Wallahi kin ci amanar gidan nan, baƙar baiwa!"

Ta faɗa ɗaki ta fito da shantun, ta goge shi da gefen zani, ta buga a cinya. Tana ɗauko waƙar renon da Kaka ta goya su da ita su biyun, sai ta tsaya tana murza ido. Ta ce gari ne ya shiga mata ido. Ƙarya take, kewar tsohuwar ce.

Sai ta fashe da dariya, ta cusa wa Ramlatu shantun a hannu.

"Riƙe, kafin in dawo hayyacina. Amma shantu ba waƙa duma ne kawai. Zauna nan, ƙafarki ba ta fita gidan nan sai kin iya."