Gaisuwa a Cikin Rami

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da zinariyar Jamus ta kusa cinye mini aure. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, an gama yaƙin basasa ba da daɗewa ba, ni kuma ƙaramin malamin firamare ne a Jimeta mai ji da kansa.

Duk wanda ya tashi a Adamawa ya san labarin. Wai da aka kori Jamusawa daga Kamaru, sun bi gaɓar Binuwai suna binne akwatunan ƙarfe cike da zinariya, da niyyar dawowa. Kowa na da kakan da ya ga wurin da idonsa, amma ko akwati ɗaya ba a taɓa nuna mini ba. Ni dai na gaskata har zuciyata. Abokina Bitrus, tsohon soja, ya dawo daga yaƙi da wata na'urar neman nakiya mai kuka idan ta ji ƙarfe. Kowace Asabar muna yawon kangaye, mun tono ƙarfen kofaton doki, gwangwanaye da rabin garma (garmar ma mai ita ya biyo mu ya karɓe).

A lokacin ina neman Dija, 'yar Modibbo na unguwar Makama, dattijon da bai yarda da ni ba ko kaɗan. Ya ce a ba shi lokaci ya duba hankalina, don ya ji an ce ina haƙa ramuka kamar gafiya.

Ran nan da hantsi, a bayan wani kangon kanti kusa da hanyar kasuwa, na'urar ta ƙwala ihun da ba mu taɓa ji ba.

"Malam, wannan ba gwangwani ba ne," in ji Bitrus. "Na'ura nan bai yi ƙarya. Tona!"

Na tuɓe riga da hula, daga ni sai gajeren wando. Kafin ramin ya kai ƙirjina jama'a sun kewaye mu, ni kuwa har jawabi nake musu kan tarihin Jamus. Diga ta daki ƙarfe, ƙau! Na ce, "Jama'a, ku shaida!" Na tattara ƙarfina na sake kai masa duka.

Ashe bututun ruwa ne. Ruwa ya yi tsiri sama, ya dawo mini da laka a ka. Ina share ido, sai na hangi farar babbar riga a bakin ramin. Modibbo ne, ya shigo Jimeta cefane.

To, ɗan mutunci ba ya gaida suruki a tsaye, ba ya kuma miƙewa sai babba ya rufe gaisuwa. Na durƙusa a inda nake, cikin ramin.

"Bappa, ina kwana?"

"Jam. Noy saare?" Wato da Fulatanci, lafiya, ina gida.

Wanda ya san gaisuwar dattijon Bafulatani ya san ba ta da birki. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi mahaifiyata. Ruwa ya kawo cibiya. Ya tambayi 'yan makaranta, ya tambayi gajiya. Ruwa ya kawo ƙirji. Ina amsa "Jam" kaina a sunkuye, mutane na faɗuwa ƙasa don dariya, Bitrus na ihu, "Malam, fita mana, za ka mutu!" Wallahi na gwammace ruwan ya rufe ni gaba ɗaya don kunya. Sai da ruwan ya taɓa haɓata sannan Modibbo ya ce, "To madalla. A gaida gida." Ya juya abinsa, ko murmushi bai yi ba.

Na fito jiƙe sharkaf, na sha faɗan ma'aikatan ruwa, na koma gida na yi wa Dija bankwana a zuciyata.

Bayan sallar Juma'a sai ga kawuna ya shigo yana dariya har da riƙe ciki. Modibbo ya aiko a turo manya. Wai cewa ya yi, "Hankali dai ba shi da shi, wannan na gani. Amma yaron da zai yarda ya nutse bai katse gaisuwar babba ba, ba zai wulaƙanta mini 'ya ba."

Ranar na yi rawa a tsakar gida ba kiɗa. Aka ɗaura aure bayan girbi, Bitrus ne babban aboki.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wauta, ka yi ta da ladabi. Kuma in ka hango surukinka daga nesa, ka nemi tudu tukuna.