Darakta a Bikin Saude

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Saude ba, bikin da aka ce in ɗauki bidiyo kawai, ni kuma na naɗa kaina darakta.

Lokacin ina karatu a Kano, ciwon kallon finafinan manyan daraktocin duniya ya kama ni. Na gano kowane gwani da irin hannunsa. Wani zai kafa kyamara wuri guda, mutane su shigo su fice, ita ko motsi. Wani da haske da inuwa yake ba da labari. Wanda ya tafi da hankalina shi ne wanda bai damu da fuska ba: hannu yake nunawa, da ƙafa, da ƙofa tana rufuwa, mai kallo ya ƙarasa sauran a zuciyarsa. (Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a motar Ɗambatta ya sha wannan lacca.)

Bayan an gama yankan gero aka sa biki, na dira ƙauyenmu da kyamarar aro, ina ji da kaina.

Kakarmu Iya, wadda ta haifi Inna, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko na katin zaɓe. Amma ranar kai amarya, da za ta yi wa Saude faɗan zaman aure, sai ga ta cikin zanen saƙinta, ta kashe ɗauri. Ta yafito ni.

"Kai mai inji, zo ka ɗauka. Yau na yarda, don yarinyar nan ta riƙa ganina a gidan miji."

Na durƙusa, na saita kyamara a kan hannunta mai jijiyoyi yana riƙe da hannun Saude da ya sha lalle. A nan na kafe har ta gama. Wallahi har ƙwalla na yi, amma don tsabar burge kaina.

Kafin ruwan shuka ya sauka Iya ta rasu. Da aka share makoki, Inna ta ce in kawo bidiyon. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kifa turmi na ɗora kwamfuta, dangi da maƙwabta suka cika tsakar gida.

Na kunna bidiyon. Wurin ɗaurin aure ƙafafu ne zalla. Kawu Sale ya ce, "Af, ga takalmina nan!" aka yi dariya. Sai hayaƙin murhu, sai inuwar rumbu. Can muryar Iya ta fito, kowa ya miƙa wuya.

Hannu. Har yanzu hannu.

"Ɗago shi mana, ɗan nan, mu ga fuskarta," in ji Inna, idonta na kan kwamfutar.

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ya buɗe da kansa: "Inna, ai salo ne."

Daidai nan hoton ya fara motsi, mutane suka gyara zama. Kyamara ta tashi daga hannun Iya a hankali, ta wuce gefe, ta sauka kan wata kaza tana tsattsagar dusa. Saude ta kifa kai a cinyar gwaggonmu ta fashe da kuka. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na jira zagi, ban samu ba. Inna ta share ido da bakin zane ta ce, "Ba komai. Hannun nata ne kam. Mayar da shi baya in ƙara gani." Wannan maganar ta fi mari zafi, kuma har yau tana cina.

Ban daina kallon finafinan gwanayen ba. Sai dai na gane abin da ya shige mini duhu a da: shi darakta, idan bai ɗauki fuska yau ba, gobe 'yan wasansa za su dawo a sake. Kakar mutum ba ta dawowa.