Kwamfutar da Ta Ƙi Jin Turancina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta tona mini asiri a Gagarawa Tasha ba. Lokacin ina aikin gwaji na wata uku a wata ƙungiyar manoman riɗi a Gumel. Ranar ɗaukata aiki na cika baki na ce kwamfuta kamar a hannuna aka ƙera ta (gaskiyar magana, kwas na sati shida na yi, rabinsa ma babu wuta).

Saura mako guda gwajin ya ƙare, Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya ce in zaɓo laftof ɗin da za mu yi wa manoma rajistar taki. Madam Rifkatu, wadda ta girme ni a aikin, ta ja ni gefe.

"Ƙanena, ka sayi irin baƙar nan mai kauri. Tana riƙe caji, kuma kowane mai gyara a Gumel ya san ta."

Na yi mata murmushin masana, na wuce Maigatari ranar kasuwa. Can na ga baƙar, na kuma ga wata ta wani kamfani, siririya mai ruwan azurfa. Mai shagon ya kunna ta, hoton teku ya bayyana, ya ce daga Nijar ta shigo. Ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba, don ina tsoron ya gane iyakar ilimina. Kyau na saya.

Washegari manoma suka cika rumfa a Gagarawa Tasha, Alhaji na zaune a damana. Har na daka wa wani dattijo tsawa na ce ya bi layi. Sannan na buɗe kwamfutar, gabana ya yanke ya faɗi. Komai na cikinta da Faransanci yake. Haruffan ma ba sa inda na san su, in na nufi wannan sai wancan ya fito. Minti goma ban rubuta sunan mutum ɗaya ba.

Sai wani saƙo ya fito tsakiyar allo da jan alama. Tsoro ya kama ni sosai. Na tabbata in na danna wani abu za ta ƙone, aikina ya ƙone tare da ita.

"Lafiya dai?" in ji Alhaji.

"Tana tunani ne, ranka ya daɗe."

Dattijon da na yi wa tsawa ya leƙo. Ashe a Damagaram ya yi makaranta.

"Ɗana, ba tunani take ba. Cewa ta yi caji ya ƙare, a taimaka mata."

Na zaro caja da sauri, sai ga bakinta irin na Nijar, ya ƙi shiga soket ɗinmu. Allon ya yi baƙi. Rumfar ta yi tsit, ni kuwa na gwammace a yi dariya.

Madam ta ciro littafi da biro daga jakarta, ta tura gabana. Da hannu na rubuta sunayen har la'asar.

Alhaji bai kore ni ba. Ya ƙara mini wata uku na gwaji, ya kuma sa mini suna Bafaranshe, wanda har yau da shi ake kirana. Tun daga ranar, ko fitila zan saya sai na kunna ta da hannuna, sannan in tambayi Madam.