Janaretan da Na Cire Daga Kaset ɗin Kawu

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da yammacin Alhamis ɗin da na tashi nuna wa tsofaffin unguwarmu ta Hindawiyya a Makka cewa ni ma na san kiɗa ba. Shekarata goma sha shida a lokacin (wato bara, amma a ranar kaɗai na ƙara shekara goma).

Bari in fara da Kawu Haruna, yayan Ummina. Tela ne, yana da shagon ɗinkin jallabiya a wani lungu na unguwarmu. A bayan shagon akwai ɗan ɗaki mai darduma ɗaya, fanka ɗaya, da wata rediyo mai cin kaset wadda ta girme ni, ta girmi yayata, ina jin ta girmi kwaltar titin ma. Kowace Alhamis bayan la'asar abokansa ke taruwa a nan, a dafa shayi, a yi ta musu a kan abu ɗaya tak: Iskar Gabas.

Iskar Gabas ƙungiya ce ta makaɗa biyar, masu jitar lantarki da ganguna, irin kiɗan da ake kira rok, amma da Hausa suke waƙa. Sun yi tashe tun Kawu yana saurayi a Chadi, kafin ya biyo ta Sudan ya iso Makka. Daga baya suka watse, kowa ya je ya fitar da faifansa shi kaɗai. Duniya ta manta da su, ban da Kawu da mutanensa. Kwatsam sai wani kamfani ya kwaso tsofaffin waƙoƙin, ya gyara sautinsu, ya cire shuuu ɗin kaset, ya zuba su a intanet. Su Kawu suna kiran wannan “wankakke”. Tun daga ranar zaman lafiya ya ƙare a bayan shago.

Shugaban 'yan wankakke shi ne Ammi Bashir (wato Baffa Bashir, da Larabci), direban tasi, abokin Kawu tun suna yara.

“Ya Haruna, ka ji tsoron Allah,” haka yake cewa. “Sai yanzu aka san mawaƙin nan yana da haƙora. Da can kamar cikin bargo yake waƙa.”

“Bargon ne daɗin!” in ji Kawu. “Sun wanke waƙa har ta koɗe. Kai da ka fi son faifan da mawaƙin ya yi shi kaɗai, ina ka san kiɗa? Tun da ya bar 'yan'uwansa yake kuka kamar an ƙwace masa takalmi a ƙofar masallaci.”

“Kai dai ka tsaya a zamanin batir.”

“Gara batir da kai.”

Haka suke yi duk mako, ba wanda ya taɓa cin wani.

Ni abin da ya dame ni ba musun ba ne. A bangon ɗakin, sama da rediyon, akwai wata jita ja rataye a ƙusa. Ta Kawu ce, ya daina kaɗa ta tun da yatsunsa suka koma ga allura. Tun ina firamare nake mafarkinta. Na roƙa, na yi shara, na kai ɗinki har unguwar Zahir da ƙafa cikin rana. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Ranar da ka nuna min kana da kunnen kiɗa, ka sauke ta da hannunka.”

Sai dabara ta zo min (duk bala'in da na taɓa shiga, da wannan jimlar yake farawa).

Kawu yana da wani kaset da kamfanin nan ba shi da shi. An ɗauke shi ne a wani biki a garin Abeche na Chadi, ƙungiyar na kiɗa a tsakar gida. Labarin bikin nan na ji shi sau dubu: garin ba wuta, sai da aka ɗauko janareta a amalanken jaki kafin jita ta yi magana. Na ce a raina, in kamfani ya iya wanki, ni me zai hana ni? Ina da waya, ina da manhajar gyaran sauti, ina da ƙarfin hali fiye da buƙata. Ranar Talata da Kawu ya tafi sayo yadi, na haɗa waya da rediyon, na kwafe kaset ɗin tsaf, na mayar da shi inda yake.

A nan sai in faɗi wani abu don in kare kaina, ko da yake ba zai kare ni ba. Kawu ba ya ƙure murya. Maƙwabcinsa mai shagon turare ba ya son kiɗa, don haka kullum ƙasa-ƙasa ake sauraro, fanka ma ta fi rediyon ƙara. Ni kuma a lasifikar wayata nake jin komai, wadda sautinta bai wuce na sauro a gwangwani ba. Ranar ce ta farko da na ari babban abin kunnen yayata (na ara ne, ita ce dai ba ta sani ba).

Ina sawa a kunne sai na ji wani abu a ƙarƙashin waƙar. Dum, dum, du-dum. Dum, dum, du-dum. Daga farko har ƙarshe, ba hutu.

Na buga cinya. Na ce, “Na kama ka! Janareta!”

Shekara nawa tsofaffin nan suna sauraron injin amalanken jaki ba su sani ba, sai ni Allah ya nufa in cece su. Na kama layin sautin ƙasa a manhajar na ja shi har ya taɓa ƙasa. Gurnanin ya ɗauke ɗif. Waƙa ta fito fes, sirit, kamar jallabiyar da aka goge da sitaci. Na saurara sau uku, na kusa yi wa kaina tafi. Har na fara tunanin a wane bango zan rataye jitar a ɗakina.

Ranar Alhamis na sa farar jallabiyata ta Juma'a, na fesa turaren Abbana, na nufi shago. Na tarar ɗakin ya cika fiye da kullum, har da waɗanda ba sa zuwa sai da Salla. A tsakiyarsu ga wani tsoho baƙo, ya ɗan ranƙwafa, sanda a gefensa, farin gemu, kansa aske tal yana sheƙi, da gani daga wurin wanzami yake bayan umra.

In kana zaune a Makka ka san wannan. Ba makon da zai wuce ba a kawo maka baƙo daga gida ba. Wannan ɗan ƙanin kakarka ne, wancan maƙwabcin surukin wane ne. Dukansu kai aske, dukansu Hajj. Ni na daɗe da daina tambayar suna.

Kawu ya taso fuskarsa cike da murna. “Zo, zo ka ga wanda Allah ya kawo mana yau...”

“Umra maƙbula, ya Hajj,” na katse shi, na sunkuya na sumbaci kan nan mai sheƙi yadda aka koya mana, na juya. “Kawu, ka yi haƙuri, ina da albishir. Yau musunku zai ƙare. Na wanke kaset ɗin Abeche.”

“Ka yi me?”

“Kaset ɗinka na nan lafiya, kwafa na yi. Ku dai ku saurara.”

Baƙon ya ɗago kai. “Na Abeche? Akwai shi har yanzu?” Muryarsa ta ɗan yi rawa. Ni kuwa na ɗauka tsufa ne.

Na haɗa wayar da rediyon, na danna. Waƙa ta tashi. Na harɗe hannu a ƙirji, na jingina da bango daidai ƙarƙashin jitar, don kada in yi nisa da ita in lokaci ya yi.

Tsofaffin suka kalli juna. Na ɗauka mamaki ne ya kama su. Kawu ya karkata kai yana kallon rediyon kamar ta zage shi. Baƙon ya matso da kunnensa, ya saurara, ya ƙara matsowa.

“Ɗana,” ya ce a hankali, “kamar akwai abin da babu.”

“Ƙwarai, ya Hajj! Ka ga mai kunne. Janareta ne. Na cire shi.”

“Janareta.”

“Wallahi. Yana ta gurnani a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, ya hana mutane jin kiɗa. Ban san yadda su Kawu suka jure shi shekara da shekaru ba.”

Shayi ya sarƙe Ammi Bashir, ya kama tari. Kawu ya zaro min ido, yana yi min alama da hannu in yi shiru. Ni kuma na fassara alamar da cewa in ci gaba, kowa ya ji iliminka. Na ci gaba.

“Ni fa na bi su ɗaya bayan ɗaya,” na ce, ina lissafi da yatsu kamar malamin jami'a. “Faifan mawaƙin shi kaɗai, ba laifi. Na mai jita, yana da kyau, sai dai tsawo. Na mai ganga, hayaniya. Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Dogo.” Na nuna hoton ƙungiyar da ke manne a bango, inda wani dogon saurayi ke tsaye a baya, sumarsa kamar bishiyar tsamiya, riƙe da wata babbar jita mai tsirkiya huɗu. “Na kunna faifansa a wayata, ban ji komai ba, har na ɗauka wayar ce ta lalace. Ni ban ma san aikinsa a ƙungiyar ba. Yana tsaye kawai kamar turken lantarki. Ina jin don tsawonsa suka ɗauke shi, ya riƙa rataya musu fitila.”

Wani daga cikin tsofaffin ya ce, “Inna lillahi,” ya rufe fuska da hula.

Baƙon ya dube ni. Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ɗora hannun hagu a iska kamar ya riƙe wuyan wani abu, ya sa yatsu biyu na dama a kan gwiwarsa, ya fara bugawa yana bi da baki, daidai da waƙar da ke fita daga rediyon.

“Dum, dum, du-dum. Dum, dum, du-dum. Haka janaretan yake yi?”

“Sak! Wallahi sak, ya Hajj! Kai ma ka san shi?”

“Na san shi,” ya ce. “Ni nake kunna shi.”

Ko a nan ban gane ba. Na rantse muku har na buɗe baki zan tambaye shi ko shi ne mai jakin. Sai Kawu ya kama kafaɗata, ya juya ni wajen hoton, ya juya ni wajen tsohon, ya sake juya ni wajen hoton.

“Ɗan ƙanwata,” ya ce, da muryar mai sanar da rasuwa, “gai da Dogo. Mai bes na Iskar Gabas, wato jitar sautin ƙasa. Kan da ka sumbata ɗazu, a kansa tsamiyar nan take da.”

Akwai irin shirun da ke sa ka ji ƙarar fanka tana ƙirga zunubanka. Na dubi ƙofa, Ammi Bashir ya tare ta da ƙafafunsa. Na dubi darduma ko za ta tausaya ta naɗe ni, ta ƙi. Waƙata wankakkiya kuma tana ta tsiwa a rediyo, sirit, ba ƙasa ba gindi. Mutum ya tsufa, ya tara guzuri, ya ƙetare teku ya zo ɗakin Allah, an ce masa ga kaset ɗin da ya ɗauka ya ɓace, sai ga wani yaro mai ƙamshin turaren aro ya goge shi daga ciki, ya kuma ce masa turken lantarki.

Na ce, “Ya Hajj... ya Ammi... Baba...” Hausa ta gudu, Larabci ya bi ta.

Sai kafaɗun tsohon suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, na ce shi ke nan, na kashe shi. Ashe dariya ce. Ya yi ta har da hawaye, yana buga sandarsa a ƙasa, ɗakin duka ya ɗauka. Ammi Bashir ya kwanta a darduma yana cewa, “Fitila! Ya ce fitila yake ratayawa!”

“An zage ni a jarida,” in ji Dogo yana share ido, “an ce faifaina na sa barci. Matata ma ta ce haka. Amma janareta, wannan sabo ne.” Ya dubi Kawu. “Haruna, sa mana na gaskiyar. Ka ƙure murya.”

“Maƙwabcina...”

“Minti uku ne. Zan je in ba shi haƙuri da kaina, in sayi turare.”

Kawu ya sa kaset ɗin, ya murɗa maɓallin har inda ban taɓa ganin ya kai ba. Shuuu ɗin ya taso, ganga ta shigo. Dogo ya kama hannuna ya manna tafina a jikin lasifikar.

“Kada ka saurara,” ya ce. “Ka tsaya kawai.”

Dum, dum, du-dum. Ya bi ta tafin hannuna, ya haura gwiwar hannu, ya zauna min a ƙirji. Kofunan shayi suna rawa a faranti. Sai a lokacin na ji cewa a kan abin nan kowa ke tsaye, mawaƙi da mai jita da mai ganga. Ammi Bashir ma, shugaban 'yan wankakke, ya rufe ido yana kaɗa kai, bai ce bargo ba.

Da waƙar ta ƙare na saci kallon jitar. Kawu ya gan ni.

“Kada ma ka fara,” ya ce. “Ƙusar nan ta fi ka kunne.”

“A bar masa rai, Haruna,” in ji Dogo. “Ya ji abin da mutane da yawa ba sa ji. Suna ne kawai ya ba shi ba daidai ba. Ranar da ya iya kaɗa janaretan nan daga farko har ƙarshe ba kuskure, ka ba shi.”

Jitar na nan a ƙusa har yau. Kawu yana sauke min ita ranar Alhamis, minti ashirin, a gabansa, in yi ta dum, dum, du-dum a kan manyan tsirkiyoyi tsofaffi suna gyara min. Sunan kuwa ya riga ni isa gida. A ranar, kafin magariba, Ummi ta leƙo ta ce, “Janareta, yalla, je ka sayo mana burodi.” Yaran lungunmu da ba su san labarin ba ma haka suke kirana. Ammi Bashir in ya hango ni daga tasi sai ya danna hon sau uku, na ukun a tagwaye.

Abin da na koya ba shi da yawa. In na ji wani abu yana gurnani a cikin kayan manya, yanzu sai na tambaya kafin in cire. Kuma duk tsohon da aka kawo mana da kai aske, sai na tsaya na ji sunansa har ƙarshe, in dubi hoton bango, in ƙiyasta masa suma, kafin in buɗe baki.