Motar da Ta Iya Tashi, Ba Ta Iya Isa Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai Kawu Usaini jana'izar ɗan'uwansa a Gummi, in har abin da na yi ya cancanci a kira shi kaiwa. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari, amma ko yau in mota mai babban inji ta wuce ƙofar gidana da ruri, sai kunyar ta dawo mini sabuwa fil.

Lokacin ina malamin dabbobi a Anka, a shekarun nan na wahalar mai, kafin wayar hannu ta iso mana. Mutane na ce mini Likita (ban taɓa gyara wa kowa ba, ko da yake sanina bai wuce allurar shanu da maganin tsutsa ba). Ina da mota, kuma ba irin ta mutane ba. Baƙa ce wuluk, ƙofa biyu, dogon hanci, silinda takwas, ƙirar Amurka. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya shigo da ita ta Kwatano, ta sha masa mai har ya ji a jika, ya sallama mini ita yana murmushi. Da ina da wayo, da murmushin nan ya ishe ni wa'azi. Na raɗa mata suna Damisa, kuma da ita nake zuwa ko'ina: gida zuwa ofis, ofis zuwa kara, kasuwar shanu, da yamma majalisarmu ta gindin bedi.

Wata rana ina dawowa daga wata ruga ta wajen Bukkuyum, na danna ta cikin yashin rafi da ƙarfin tsiya, sai na ji ƙarar ƙarfe daga baya. Bakasil ya tafi. Ga wanda bai sani ba, bakasil shi ne tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, a cikinta akwai haƙoran da ke karɓar juyin farfela, dogon ƙarfen da ke kawo ƙarfin inji, su miƙa wa taya. Na Damisa sun zube kamar na tsohuwar akuya.

Ɗan'azumi bakanike ya tafi Sakkwato nema, ya dawo da guda biyu, ya baje su a kan buhu a gabana.

"Likita, zaɓi naka na," in ji shi. "Wanga dogo, irin wanda ta zo da shi na. Farfela ba ta cika juyi ukku ba taya ta zagayo. Bisa kwalta mota ta miƙe abinta tana gyangyaɗi, ba ta shan mai ƙwarai, sai dai tashinta sanyi-sanyi. Wanga kau gajere, daga motar kaya anka ciro shi. Sai farfela ta yi huɗu taya ka yin ɗaya. Kana taɓa totur ta daka tsalle."

Mai hankali zai tambaya: in aka hau doguwar hanya fa? Ni abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wane za ya sa mutane su waiwayo?"

Ɗan'azumi ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Ashe kai namu na! Mota irin wagga, in ba ta tashi kamar an harbo ta ba, mi amfaninta?"

Aka ɗaura gajere. Ga duk wanda ya tambaya, nakan ce saboda yashin hanyoyin ruga na zaɓe shi. Gaskiyar magana kuwa, saboda gindin bedi ne. In zan bar majalisa sai in taka totur, tayoyin baya su yi tono, Damisa ta zabura, a bi ni da ihu. A ɗan guntun kwaltar bakin gari kuma, kafin ka ce kwabo allurar maleji ta haura ɗari da ashirin. Na dinga cika baki cewa Anka zuwa Gummi a wurina shan ruwa ne. Abin da ban sani ba shi ne, shi maleji, juyin farfela yake ƙirgawa, ba na taya ba. Tun ranar da aka canza haƙoran nan yake shara mini ƙarya, ni kuma ina ɗauka ina rabawa a gari (kyauta, ba ko sisi).

Kawu Hassan da Kawu Usaini tagwaye ne, yayyen Inna. Hassan ya zauna Gummi tun yana saurayi yana sana'ar fata, Usaini ya tsaya Anka yana koyar da karatu a zaurensa, gwiwoyinsa sun gaji, sai da sanda. Duk danginmu sun san alkawarin da ke tsakaninsu: wanda ya riga tafiya, ɗan'uwan ne zai tsaya gaba ya sallace shi, shi ne kuma zai fara zuba masa ƙasa. Tun muna yara muke ji suna faɗa, wani lokaci cikin raha, kowa na cewa shi zai bar wa ɗayan wahala.

Da hantsi, a tsakiyar bazara, mai babur ya iso da saƙo. Kawu Hassan ya cika da asuba. Za a yi jana'iza bayan azahar, ana jiran Usaini.

Ko da na isa gidan Kawu Usaini, dangi sun samo wata tsohuwar bas, an harhaɗa mata mai da ƙyar, mata sun cika baya suna kuka ƙasa-ƙasa. An riga an tallafa wa Kawu ya hau kujerar gaba, sandarsa tsakanin ƙafafu, idonsa a bushe. Ba wanda ya roƙe ni komai. Ni da kaina na ratsa mutane na ce a sauko da shi, wannan bas ɗin sai la'asar za ta kai.

Inna ta leƙo ta taga, idonta jawur. "Kai, ka tabbata?"

"Inna, kahin ku kai mararraba mun yi alwala Gummi."

Aka sauko da tsoho, aka lanƙwasa shi cikin Damisa. Carbinsa kawai yake ja.

Mun bar gari da ƙura da ruri. Na sa giyar mota ta ƙarshe, injin kuwa yana ta kururuwa kamar yana roƙon a ƙara masa wata. Allura ta hau ɗari da ashirin ta zauna, ƙarar har cikin haƙorana nake jin ta. Sai dai wani abu ya fara damuna: itatuwan bakin hanya ba sa wucewa yadda ya kamata su wuce. Mai babur ɗin da ya kawo saƙo yana biye da mu, na duba madubi ya fi a ƙirga, yana nan liƙe, har ya gaji ya zagaye mu ya ɗaga mana hannu. Na ce a raina lallai babur ɗin nan na aljanu ne. Ban zargi Damisa ba ko kaɗan.

Sai allurar zafi ta fara hawa, ta mai kuma tana sauka kamar an huda tankin. Mun ɗan gota mararrabar Bukkuyum ke nan, tururi ya turnuƙe daga hancin motar. Na gangara gefe na kashe ta.

"Mi ya hwaru, ɗana?"

"Ba komi, Kawu, ta ɗan sha iska."

Ya ce to bari ya zaga. Na taimaka masa ya fita, ya ɗauki butarsa ya dogara sanda ya shige bayan wani sabara. Na buɗe bonet, lagireto na tafasa yana tsartuwa. Ina tsaye ina fifita shi da hulata (eh, da hula, silinda takwas), sai na hango bas ɗinmu can nesa tana tafe tana rangaji.

Nan ne wurin da nake so in tsallake duk lokacin da nake ba da labarin nan, amma babu dama. Na mayar da bonet na rufe. Na jingina da motar, na harɗe ƙafa, ƙarfen na ƙona mini baya ina murmushi. Direba ya rage gudu, Inna ta leƙo.

"Lahiya?"

"Lahiya lau, Inna. Kawu na ya zaga. Ku tahi, yanzu mu wuce ku."

Kujerar gaban bas ɗin tana nan babu kowa a kai, na gan ta da idona. Wallahi a lokacin na yarda in ta huce zan sake wuce su, don har yanzu ina ganin ina da motar da ta fi kowace gudu a ƙasar Zamfara. Amma ba zan ɓoye ba, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kada matan gidanmu su ga ana fitar da Kawu daga Damisa ana mayar da shi inda na ɗauko shi. Bas ta wuce, ina kallon ƙurarta har ta ɓace.

Da Kawu ya dawo, na roƙi sauran ruwan butarsa na ɗura wa lagireto. Muka ci gaba a hankali, don in na taka ta yi zafi, in na sassauta lokaci ya tafi. Ba mu kai Ɗaki Takwas ba ta yi tari sau biyu ta mutu. Mai ya ƙare. Man da a da yake kai ni Gummi har in yi yawo a gari, gajeren haƙori ya shanye shi a rabin hanya.

Wanda bai ga shekarun nan ba, ba zai gane yadda hanya ke zama kufai ba. Sai ka daɗe a tsaye ba ka ga mota ba, wadda ta zo kuma mutane har kan rufi. Wani mai babur ya tsaya mana, amma gwiwar Kawu ba ta hawa babur. Ni na hau, na tafi neman 'yan bumburutu masu sayar da mai, da galan a hannu, na bar tsoho a gindin wata ƙirya mai ƙarancin inuwa. Da na dawo na tarar ya yi taimama ya yi azahar a kan rawaninsa, tunda ruwan alwalarsa na cikin motata. Yana zaune yana kallon ƙasa.

"Ɗana," ya ce, bai ɗago ba, "inuwa ta gota."

Abin da ya faɗa ke nan duk tsawon hanyar. Da ya zage ni, da na ji sauƙi.

Daga baya na ji yadda aka yi a Gummi. Bas ta isa kafin azahar, suka ce muna nan tafe a bayansu. Aka yi salla aka zauna jira, gawa a shimfiɗe a zaure, rana na dukan kwano. Aka jira har aka kira la'asar. Liman ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta, zafin nan ba ya jiran kowa. Wani ya tsaya a inda Usaini ya kamata ya tsaya.

Mun shiga unguwar Kawu Hassan ana dawowa daga maƙabarta. Na ga makarar an jingine ta da bango, babu komai a kai. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun zazzauna, shiru kamar ruwa ya ci gari, sai rurin Damisa da ya cika lungun. Na so in lallaɓa in tsaya nesa, amma lungun yashi ne, ta fara nutsewa. Na ɗan taɓa totur, ɗan kaɗan wallahi. Ita kuwa ta yi abin da na zaɓa mata haƙora don ta yi: tayoyin baya suka yi tono, ta zabura ta karkace, ta watsa yashi a kan tabarmin farko, kan liman da masu ta'aziyya, har cikin kwanon ruwan sha. Mutane suka miƙe suna kakkaɓe riguna. Kowa ya waiwayo, babu wanda ya rage.

Kawu ya buɗe ƙofa da kansa. Ya dubi makarar, ya daɗe yana dubanta, sannan ya tambayi inda aka kwantar da ɗan'uwansa. Aka nuna masa gabas da gari. Ni kuma, saboda bakina bai gama da ni ba, na ce, "Kawu, shigo in kai ka."

"Bari, ɗana. In na tahi ƙasa na hi sauri."

Bai faɗa da gatse ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya dogara sandarsa ya nufi maƙabarta, mutane biyu suka rufa masa baya. Inna tana tsaye a bakin zaure, ta kalle ni kallo ɗaya ta koma ciki. Direban bas ya riga ya gaya wa kowa inda ya bar mu, da yadda ya gan ni a jingine ina murmushi.

A cikin makon nan na sa Ɗan'azumi ya ɗaura dogon. Damisa ta yi laushi, ta daina tono, maleji ya koma faɗin gaskiya, 'yan majalisa suka ce na kashe mota. Na yi tafiyar Gummi da ita sau da yawa bayan nan, lafiya lau, a kan lokaci, ba wanda ke jirana.

Kawu Usaini bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai a ciwonsa na ajali, muna zagaye da shi, ya kamo hannuna yana ɗan murmushi ya ce in ya cika a sa shi cikin motar Likita, ko ya ƙara kwana biyu a duniya. Aka yi dariya mai haɗe da hawaye, ni ma na yi, don babu abin yi. Ranar jana'izarsa an aiki mutane ɗauko dangi daga Gummi da Bukkuyum, ni aka ba ni aikin shimfiɗa tabarmi.

Abin da na koya bai da yawa. In aka baje maka abu biyu a kan buhu, ka tambayi wanda zai kai ka, ba wanda zai sa a kalle ka ba. Ni na roƙi a waiwayo ni, kuma an waiwayo, sai dai ba a bar ni na zaɓi ranar ba.