Baƙon Da Na Tayar Daga Tiren Kawu

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da walimar auren babban ɗan Kawu Idi ba. A lokacin ban daɗe da dawowa Makka daga Amurka ba, inda na yi karatu a wata 'yar ƙaramar kwaleji, irin waɗanda ake ɗanɗana komai, falsafa da tarihi da siyasa. Na dawo kaina ya kumbura. Duk wanda ya yi kuskuren gaishe ni a unguwarmu ta Utaibiyya sai ya sha labarin yadda aka koya mana sauraren ra'ayin kowa (har mai sayar da dafaffen waken ful na bakin layinmu bai tsira ba).

Hanan, autar Kawu, ta samu gurbi a wannan kwalejin, kyauta. Kawu ya kasa yanke shawara. Tsoronsa kada a mayar masa da 'ya mai raina manya. Sai yarinyar ta roƙe ni in lallaɓa shi, na ce ta kwantar da hankalinta, ai ni kaina hujja ne.

Ranar walimar, bayan azahar, Kawu ya zaunar da ni a tirensa, shinkafa da naman rago, tare da babban baƙonsa, Alhaji Mamman, wan mahaifin amarya, wanda ya zo daga Maraɗi. Kawu da hannunsa yake yago tsoka yana turawa gaban baƙon. Ni kuwa na buɗe baki na fara wa'azi: a can ba a hana kowa magana, malami ma ana musu da shi, duk abin da mutum ya faɗa sai an saurare shi har ƙarshe.

Alhaji Mamman ya ji daɗi. Ya ce, "To madalla, ɗana. Ni dai a ganina mulkin soja ya hi mana na 'yan siyasa. Mun gwada zaɓe, mi muka samu?"

Wallahi ban san lokacin da jinina ya hau ba. Ban bar shi ya kai aya ba. Na ce wannan tunanin ne ya hana mu ci gaba. Ya ce, "Tsaya in gaya maka abin da na gani da idona." Na ce ba sai ya faɗa ba, na karanta. Kawu ya ce, "Khalas ya waladi, ya isa haka ɗana, ci abinci." Ban ji ba. Na ɗaga hannu ina nuna dattijon da yatsa (yatsan nan duk maiƙo, har da ƙwayar shinkafa a manne), na ce masa masu irin wannan ra'ayin bai kamata ma a ba su bakin magana ba.

Alhaji Mamman ya dube ni, ya dubi naman da aka tara masa. Ya ce, "Alhamdulillahi," ya miƙe ya tafi wanke hannu.

Wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baƙo ya tashi daga tire bai ƙoshi ba, kuma suruki, kuma a gaban jama'a, mai gida aka ci wa mutunci. Kawu ya bi shi har bakin famfo yana "Tafaddal ya Alhaji, don Allah ka dawo." Bai dawo ba. Aka bar ni ni kaɗai da rabin rago, mutanen sauran tirukan suna leƙena. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma Kawu ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "A can ɗin, ka taɓa zama da wanda bai yarda da kai ba?" Na yi ta laluben suna. Abokaina, malamaina, 'yan ɗakinmu, duk bakinmu ɗaya. Musun da muke yi, a kan wa ya fi wani yarda ne. Ya ce, "To Hanan ba za ta je ba."

Na roƙe shi, mahaifiyata ta roƙe shi, na buga wa Alhaji Mamman waya na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Kawu bai sauya ba, gurbin ya wuce. Hanan ba ta taɓa yi min gori ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, da ka ci shinkafarka."

Har yau abin yana cina. Na gane cewa saurare yana da sauƙi matuƙar abin da kake so ake faɗa. Ni na koyi darasin, amma Hanan ce ta biya.