Siton da Na Toshe

Ba zan taɓa mantawa ba da dogon hutun shekarar da sojoji suka koma bariki. Lokacin ni ce shugabar masu girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a bayan Sabon Tasha, makullin sito kuma a ƙuguna yake kwana. Ban yi boko ba, amma ina da ido, ko in ce haka na ɗauka.

Kafin a tashi hutu na tsare Madam, shugabar makarantar, na ce a sayi masara da wake tun yanzu, don kaya sai tashi suke yi, in yara sun dawo su tarar da abincin zango a ƙasa. Ta ce damina ce fa, Mama. Na ce tun ba a haife ta ba nake ajiye hatsi (haka na faɗa mata, a ofishinta). Ta kwashe abin da ke hannun makaranta ta saya.

Damuwata ɗaya ce, Maman Ngozi, mataimakiyata. Ban taɓa kama ta da komai ba, wannan ne ma ya sa ban yarda da ita ba. A saman bangon siton akwai wasu ƙananan ramuka, na kuwa tabbatar wa kaina ta nan ake zura hannu. Na kwaɓa laka, na hau benci da tsufana, na toshe su tas. Na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na ƙara kwaɗo na biyu, na koma gida Unguwar Mu'azu ina jin daɗin kaina. Duk watan Agusta ruwa na zuba, ban leƙa ba.

Ranar dawowa na ɗaura sabon zani. Ni da bakina na kira Madam da masu girki su zo su ga tanadi, iyaye ma da ke sauke akwatuna suka matso. Ƙofar ta kumbura, sai da maigadi ya sa kafaɗa.

Zafi ne ya fara dukanmu, sannan wari. Masarar ta tsiro ta cikin buhuna, fari fat kamar gashin tsohuwa. Waken ya zama baƙin dunƙule, bango na gumi. Maimakon in yi shiru, sai na juya na daka tsawa: "Wa ya shigar mini sito?"

Maman Ngozi ta ɗaga kai ta dubi lakata. "Haba Mama," ta ce a hankali, "ko iska ba ta shiga ba."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Da azahar aka sallami yaran, sai an nemo abinci. Wani uba da ya taho tun daga Binuwai ya sake ɗora akwatin 'yarsa a ka, ya wuce ta gabana, har ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Mama." Madam ba ta zage ni ba. Hannu kawai ta miƙo, na kwance makullin, ta ba Maman Ngozi a gabana. Ni da Maman Ngozi muka ƙarasa yinin muna kwashe ruɓaɓɓen hatsi da shebur, ita ce ma ke ce mini in huta.

Yanzu in zan kulle abu nakan ɗan dakata. Da ɓarawo ne, mudu ɗaya zai ɗiba ya bar wa yara sauran. Ni da na zo tsaro, ban bar musu ko ƙwaya ba.